Yadda za ka yi yawon ƙafa a kurmin fadar Neuschwanstein ba tare da ka sha irin wahalar da na sha ba

Duk wanda ya zo Jamus daga gida, karatu ne ko ziyara, sai ya turo min hoton farar fadar nan mai hasumiyoyi da ke kan dutse yana cewa dan Allah nan nake so a kai ni. Sunanta Neuschwanstein, ana faɗinsa kamar Noishbanshtain, kar ka damu ni ma sai da na kusa shekara kafin harshena ya daina harɗewa. Sau huɗu na je, kuma abin da na lura shi ne mutane suna kashe awa biyu a jirgi, su bi layi, su shiga ciki na minti talatin, su ɗauki hoto ɗaya a kan gadar da ake hango fadar daga kanta su juya, alhali daɗin wurin yana cikin kurmin da ya zagaye fadar ne, wanda ko sisi ba a biya. Toh ga yadda nake tsara tafiyar yanzu, daga fita gida har dawowa.

Zuwana na farko kam abin dariya ne. Na tashi a makare, na isa wajen azahar a tsakiyar watan Agusta, ba tikiti, ƙafata da takalmin zuwa ɗaurin aure mai santsin ƙasa, tikitin ranar ya ƙare tun safe, ga mutane kamar an tashi daga idi, na hau dutsen ina zamewa na sauko da bororo biyu a dunduniya. Shi ya sa maganar farko ita ce lokaci da tikiti, tun kana gida. Idan kana son shiga cikin fadar ka sayi tikiti ta intanet da wuri, lokacin zafi ma makonni kafin ranar, domin a kan tikitin akwai lambar rukuninku da ainihin mintin da za ku shiga, kuma in mintin ya wuce ya wuce, Bajamushe bai san "yi haƙuri malam go-slow ne" ba. Ni shawarata ka zaɓi wajen 11 na safe zuwa 12, saboda ka samu ka fara da kurmi da gada kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Lokacin zafi ana buɗewa 9 zuwa 6 na yamma, lokacin sanyi 10 zuwa 4. In kuma ba ka damu da ciki ba, ba ka buƙatar tikitin komai, hanya da gada da tafki duk a buɗe suke.

Wata mafi daɗi a wurina Oktoba ne, ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa, ba zafi ba cunkoso sosai. Mayu da Yuni ma ba laifi. Daga Disamba zuwa Maris kuwa wurin yana da kyau a hoto amma akan rufe gadar in akwai ƙanƙara, kuma a Disamba 4 da rabi rana ta faɗi.

Sai maganar hanya. Daga babbar tashar Munik jirgin ƙasa yana zuwa garin Fusen, a allo za ka ga an rubuta Füssen, tafiyar wajen awa biyu, wani kai tsaye wani sai ka canza a Buchloe. Ka sauke manhajar DB Navigator ita za ta nuna maka. Akwai Bayern-Ticket, tikitin yini ɗaya na jihar Bavariya, da mutum har biyar za su iya haɗuwa a kai, ya fi araha nesa ba kusa ba in kuna da yawa, ku rubuta sunayenku a jiki, kuma yana aiki a bas ɗin Fusen ma. Amma ga tarkon da ya kama ni: Litinin zuwa Juma'a ba ya fara aiki sai 9 na safe, wato za ka isa dab da azahar, daidai lokacin da kowa ya iso. Asabar da Lahadi tun daga 12 na dare yake aiki, sai ka kama jirgin asuba. Mai Deutschlandticket, wato tikitin wata-wata na bas da jiragen yanki a duk Jamus, shi ba ruwansa da wannan lissafin. Kana fitowa daga tashar Fusen bas yana nan a gefe, lamba 73 ko 78, minti goma ya sauke ka a ƙauyen Hohenschwangau, kar ka ji tsoron ɓata, kawai ka bi taron masu kyamara.

Kaya kuwa kar ka cika. Kambas mai kaushin ƙasa wanda ka riga ka saba da shi, ba sabo dal ba. Dogon wando da safa doguwa, zan faɗi dalili a ƙasa. Rigar ruwa marar nauyi ko da gari ya waye garau, domin a gindin tsaunukan Alf hadari yana haɗuwa da yamma cikin ɗan lokaci, ka ga rana yanzu anjima ka ji tsawa. Ruwa lita ɗaya da rabi, ƙaramar gora daban ta alwala, dabino ko gyaɗa, fawa bank, da kwabban yuro saboda ban ɗaki na kuɗi ne kuma wasu wuraren tsabar kuɗi suka fi so. Jakar goyo ta zama ƙarama domin ba a shiga fadar da babba. Hajiyoyi, abaya mai jan ƙasa za ta wahalar da ku a kan tsakuwa da saiwoyi, doguwar riga iya idon sawu da wando a ciki ta fi. In Lahadi za ka je ka yi cefanen guzuri tun Asabar, kantuna a rufe suke.

Yanzu kana ƙauyen. Ka ɗaga kai, hagu can sama farar fadar, dama a kan ƙaramin tudu wata fadar ruwan ɗorawa, ita ce Hohenschwangau, wadda Sarki Maksimiliyan na 2 na Bavariya ya gina tun yana yarima a kan kangon wata tsohuwa tsakanin 1833 da 1837, a nan ɗansa Ludwig ya yi yawancin ƙuruciyarsa yana kallon dutsen da daga baya ya ɗora tasa fadar a kai. Hanyar hawa uku ce: keken doki, bas na musamman da tikitinka na jirgi ba ya aiki a ciki, ko ƙafa. Ni dai ƙafa. Layin da za ka bi na jiran keken dokin wani lokacin ya fi hawan da kansa tsawo, kuma ba ya kai ka bakin ƙofa, sai ka ƙarasa da ƙafa. Amma in kuna tare da dattijo ko mai ciwon gwiwa ko mai juna biyu, a sa su a bas ɗin, yana ajiyewa kusa da gada, ku haɗu a can, babu abin kunya.

Ka kama titin kwalta da ke hawa, wanda kekunan doki suke bi, ka riƙa duba ƙasa saboda kashin doki. Wannan titin in ka miƙe shi kilomita ɗaya da rabi ne, minti 30 zuwa 40 zuwa ƙofar fada, kuma shi kowa yake bi. Kai ba shi za ka bi har ƙarshe ba. Ka sa ido ta hannun dama, za ka ga hanyar tsakuwa ta ratse ta shiga cikin itatuwa da alama an rubuta Marienbrücke, wato Gadar Mariya, nan za ka shiga. Alamomin masu tafiyar ƙafa a yankin ruwan ɗorawa ne kuma yawanci lokaci suke rubutawa ba kilomita ba, amma fa lokacin na ƙafar Bajamushe ne wanda ya tashi yana hawan dutse tun yana yaro, kai ka ƙara kwata a kai.

A nan tafiyar take farawa a gaskiya. Taku hamsin kacal sai hayaniya ta yanke kamar an rufe ƙofa, ba ƙarar kofato ba surutu, sai sanyi ya sauko maka. Itatuwan dogaye ne sambal, irin masu ganye kamar allura da ba sa kakkaɓewa duk shekara, a gauraye da wasu masu santsin jiki launin toka da ganyensu yake zuba ya yi shimfiɗa mai laushi a ƙasa, gansakuka kore shar ta lulluɓe duwatsu da kututture, ga wani ƙamshi na jiƙaƙƙen itace da ƙaro wanda har yanzu ban samu abin da zan kwatanta shi da shi ba. In ka tsaya shiru za ka ji tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace yana ta aiki, wani lokacin kurege ja ko baƙi mai bujen wutsiya ya gilma. Bara na kai kawuna da ya zo daga Kano, tun a jirgi yake cika baki wai shi da ya hau Dala ya hau Goron Dutse wane dutse za a nuna masa, minti goma da shiga hanyar nan ya dafa wata bishiya yana haki ya ce "kai yaro, wannan ba hawa ba ne, hukunci ne." Na ce Kawu sannu, a rage sauri. Dabarar ke nan dama: ƙananan taku, kar ka yi gasa da kowa, in ba ka iya magana saboda haki to ka yi sauri da yawa, ka tsaya ka sha ruwa kaɗan kaɗan. Tsofaffin Jamusawa masu sanduna biyu za su wuce ka fuu suna cewa "Grüß Gott" ko "Servus", gaisuwa ce kawai, ka mayar musu da Servus ko Halo, kar ka ji haushi.

Abu biyu kar ka yi a cikin kurmin. Kar ka bar hanya don yanke, gangaren yana da santsi kuma a wasu wuraren ƙarshensa rami ne. Sannan akwai wata ciyawa mai ganye kamar zarto a gefen hanya, taɓa ta kaɗan sai hannu ya ɗau ƙaiƙayi da raɗaɗi kamar an watsa maka barkono, ba ta kisa amma za ka tuna da ita, a riƙe hannun yara.

Wajen minti 40 za ka ɓullo inda bas yake sauke mutane, daga nan 'yar tafiya ce zuwa gada. An sa mata sunan Sarauniya Mariya mahaifiyar Ludwig, da ta katako ce, a 1866 aka mayar da ita ta ƙarfe, kuma tana rataye wajen mita 90 a saman kwazazzabon rafin Pöllat. Katakon da ake takawa yana ɗan motsi in mutane suka yi yawa, kuma ta tsakanin katakan kana hango ruwa yana zuba can ƙasa, in kana da jiri kar ka duba ƙasa, ka kalli fadar. Kowa yana cunkushewa ne a farkon gadar, kai ka ce "Entschuldigung", wato a gafarce ni, ka ratsa zuwa can ƙarshen, ya fi sarari kuma hoton ya fi kyau. Ka riƙe waya da hannu biyu, abin da ya faɗi a nan sai dai ka yi masa addu'a. Daga nan ne za ka ga fadar gaba ɗaya a kan ƙaton dutse, bayanta fili kore shimfiɗe, da wata farar coci ita kaɗai a tsakiyar gona, da tafkin Forggensee wanda na dam ne, tun 1954 aka tare kogin Lech, lokacin sanyi ana sauke ruwansa har ya zama kamar fako. Kawu da ya isa nan ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce "ikon Allah, to wa ya ɗauko musu bulo zuwa nan?" Kuma tambayar a kan hanya take, domin ginin na bulo ne aka lulluɓe shi da farin dutse.

Bayan gadar hanya ta ci gaba tana nannaɗewa sama zuwa tsaunin Tegelberg, wajen awa uku na hawa na gaske, akwai motar igiya da za ta sauko da kai daga can. Wannan na wata ranar ne da takalmin hawan dutse, ba na yau ba. In kana so ka hau minti goma ko sha biyar kawai don ganin fadar daga sama ka dawo, ba laifi, amma ka tsaya kan hanya, kar ka bi 'yan Instagram zuwa bakin gaɓa. Lambar agajin gaggawa 112 ce. Ita kuma hanyar da ke bi ta cikin kwazazzabon a ƙasa, sau da yawa a rufe take saboda duwatsu masu gangarowa, in ka ga shinge ka girmama shi.

Ka dawo ta gadar ka gangara zuwa fada, kwata ɗaya ne, kuma a hanya akwai wurin tsayawa da ake hango fadar ruwan ɗorawa zaune tsakanin tafkuna biyu da tsaunukan Ostiriya a baya, a ganina ya fi hoton gadar ma. Ka isa ƙofa minti goma sha biyar kafin lokacinka ka zuba wa allon lambobi ido. A ciki ba a ɗaukar hoto, matakala hawa da sauka sun haura 300, zagayen wajen rabin awa ne. Labarin mai gidan shi ne abin ji: Ludwig na 2 ya hau mulki a 1864 yana ɗan shekara 18, an aza harsashin fadar a 1869, ya narka dukiyarsa ya ci bashi a kan gine-gine, a watan Yunin 1886 gwamnatinsa ta ce ya samu taɓin hankali aka tube shi, a cikin wannan fadar aka zo aka tafi da shi, ranar 13 ga Yuni aka tsinci gawarsa da ta likitansa a tafkin Starnberg, yana da shekara 40, har yau ana gardamar abin da ya faru. Ɗakuna wajen 200 aka tsara, waɗanda aka gama ba su kai 20 ba, shi kansa bai cika wata shida a ciki ba in aka haɗa kwanakin, kuma mutumin da ya gina wurin don ya guje wa mutane, 'yan makonni bayan rasuwarsa aka buɗe ƙofa ana karɓar kuɗin shiga. Yanzu sama da mutum miliyan ɗaya ke zuwa a shekara, a 2025 kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Duk da kamarta ta zamanin da, tana da famfo da masai mai ja da ruwa da na'urar ɗumama ɗaki har da tarho.

Ka sauko ta kwalta, minti 20 zuwa 25, a hankali domin saukowa ta fi cin gwiwa. Yunwa za ta kama ka a nan, toh ka kula da kalmomi biyu masu kama da juna: Schwan shi ne farin tsuntsun ruwan nan mai dogon wuya kamar ƙatuwar dinya wanda sunan fadar ya fito daga gare shi, Schwein kuma alade ne. Tsiran nan nasu da wani abu wai Leberkäse yawanci da alade a ciki, kar sunan, mai nufin hanta da cuku, ya ruɗe ka. Abin da nake ci hankali kwance shi ne Kässpätzle, 'yar taliyar yankin da cuku da soyayyar albasa, ka dai ce "ohne Speck" don kar a barbaɗa maka kitsen alade, ko burodin Brezel, ko ka daure sai Fusen ka nemi mai Döner, wato irin shawarma, ka tambaya ko halal ne. Abincin ƙauyen da tsada, guzurinka ya fi.

Kashi na biyu na yawon, wanda yawancin mutane ba sa yi kuma ni shi na fi so, shi ne zagayen tafkin Alpsee. Ka miƙe titin ƙauyen har ƙarshe, za ka ga gidan tarihin sarakunan Bavariya a bakin ruwa. Zagayen wajen kilomita 5 ne, awa ɗaya da rabi ba gaggawa, kusan duk a inuwa. Ka fara ta hannun dama, ta gindin fadar ruwan ɗorawa, ba da nisa ba akwai wani dutse da ya leƙa kan ruwa ana ce masa Pindarplatz, ka zauna a nan ka ci dabinonka. Wannan ɓangaren hanyar tana hawa tana sauka a jikin gangare, ga saiwoyi sun fito kamar jijiyoyin hannun tsoho, in an yi ruwa suna da santsi, ka taka tsakaninsu ba kansu ba. Ruwan kore ne garai garai har kana ganin kututturan da suka nutse a ƙasa. Idan ka kai can ƙarshen tafkin ka waiwayo, fadojin biyu za ka gani ƙanana a jikin dutse, ba kowa sai kai da agwagi. Ɗaya gefen na dawowa shimfiɗaɗɗe ne, amma akwai wurin wanka a nan, lokacin zafi za ka tarar da mutane da kayan iyo, in kana tare da Kawu irin nawa ka gaya masa tun da wuri ya san inda zai ajiye idonsa.

A can ƙarshen tafkin nake sallah. Tafiyar daga Munik ta haura kilomita 100, ta kai ta kasaru, sai in haɗa azahar da la'asar, in ɗan koma gefe inda ba zan tare hanya ba in shimfiɗa rigar ruwata, ba wanda ya taɓa ce min uffan. Alƙibla a nan kudu maso gabas ce, ba gabas ɗin da muka saba a gida ba, ka duba kamfas ɗin waya. A watan Yuni magariba sai bayan 9 na dare, kana iya isa gida kafin ta yi. In za ka yi alwala a bakin tafkin ka shirya, ruwan yana da sanyin da za ka ji har cikin haƙori.

Mai sauran ƙarfi yana iya komawa Fusen da ƙafa ta wajen ƙaramin tafkin Schwansee, awa ɗaya da wani abu, alamomi suna nan. In ka ci karo da shanu masu ƙararrawa a wuya, siririyar igiyar da ta kewaye su tana da lantarki kar ka dafa, kuma kar ka matsa kusa da mai ɗan maraƙi. In ƙafa ta ce a'a, 73 ko 78 ɗin nan dai. Ka duba jirgin dawowa tun kafin ka fara zagayen tafki, domin na yamma yana cika har a tsaya a tsaye, ka isa tasha da wuri ka samu kujera. Kar ka yar da robar ruwa da ka saya, yawancinsu akwai santi 25 a kai in ka mayar kanti, shara kuma ta dawo a jakarka.

Dalilin dogon wando da safa da na ce: kaska. E, irin ta shanu, amma ta nan ƙanana ce, wata kamar ƙwayar riɗi, kuma kudancin Jamus yana cikin yankunan da take ɗauke da cuta, ɗaya mai taɓa ƙwaƙwalwa wadda akwai allurar rigakafinta in kana zaune a ƙasar ka tambayi likitanka, ɗaya kuma ana maganinta in an gano da wuri. Ka cusa ƙafar wando cikin safa in za ka ratsa ciyawa. Da ka isa gida kafin ka kwanta ka duba jikinka a fitila, bayan gwiwa, hammata, ƙugu inda wando yake kamawa, bayan kunne, kan yara kuma a bi shi da yatsa. In ka same ta kar ka sa mata kananzir ko man shafawa ko ashana irin yadda muke yi wa ta dabbobi, ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali a miƙe, ka goge wurin, ka rubuta ranar a waya. In bayan kwanaki ko makonni ka ga wurin ya yi zobe yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya zo, sai asibiti, kuma a baƙar fata zoben ba ya fitowa ja sosai, yakan yi duhu ne kawai kamar tabo, saboda haka ka gaya wa likita da bakinka cewa kaska ce ta cije ka a kurmi ranar kaza.